Toka a Murhun Gas na Inna Kulu

Gaya, Talata 30 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanena Alhaji Muhammad Bashir, Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Muslima da yara. Ya zafi? Ko da yake naku zafin na'ura ce ke shanye muku shi.

Da farko dole in yaba maka. Duk faɗin Toranke ba a taɓa sauke abu irin murhun gas ɗin nan da ka saya wa Inna ba. Kai huɗu, ga wurin gashi a ƙasa mai ƙofar gilashi, fari fes kamar motar asibiti. Har daga Gafasa mata suka zo kallo. Ana ta sa maka albarka, ana cewa lallai Kulu ta haihu. Ni da ta fara haifa ba wanda ya ambata, amma ba komai, ai ni ba a bayan a-kori-kura aka kawo ni ba.

Na kuma yaba da tsarinka. Ka ce ba ka son saƙon murya, surutuna ya yi yawa kuma kana ofis, in riƙa rubuta rahoto a takarda in ɗauki hotonsa in turo maka. To ga shi. Rabona da riƙe biro haka tun ina aji uku na sakandare, in ka ga rubutun ya karkace ka karkata wayar.

Don kada a ce na manta sharaɗin da ka kafa a gaban likita, bari in maimaita maka shi. Ƙirjin Inna ba zai ƙara ɗaukar hayaƙi ba. In ta bar itace ta koma gas, ta yi zamanta a ɗakinta. In ta ƙara hura wuta ko sau ɗaya ne, ka zo ka ɗauke ta ka kai ta Abuja. Ita ta rantse ta yarda. Kai ka sayi murhu ka koma. Ni aka bar wa wankinsa duk Litinin, tunda ni ce mai sayar da tukwane a kasuwa, wai ni na san kan ƙarfe.

Jiya na rufe rumfa, na hau acaɓa, na isa Toranke wajen sha ɗaya, bayana kamar an saka shi a turmi. Na tarar Inna ta riga ni yi wa murhun hidima. Ka san yadda take wanke tukunya, yashi da soso har sai ta ga fuskarta a jiki. Haka ta yi masa. Ɗan zanen nan da ke jikin makunnan, mai nuna inda wuta ke ƙaruwa da inda take mutuwa, ta kankare shi tas. Ta ce ta ɗauka datti ne ya zo da shi daga kanti. Sai jan farce na ɗiga mata a daidai inda ake kashewa.

Wurin gashin ma ya samu aiki. Daddawa ce a ciki, da busasshiyar kuɓewa, da maganin da likita ya ba ta. Ta ce tunda take ba ta taɓa samun akwatin da ya gagari ɓera ba sai wannan. Ka ga ba a banza ka wahala ba.

Ga abin da na yi, tunda rahoto kake so. Na rufe gas daga kan tukunyarsa. Na ɗage ƙarafan da ake ɗora girki, na cire hulunan kawunan huɗu na jiƙa su a ruwan ɗumi da omo, na bi su da tsohon burushin haƙori. Na shanya su sai da suka bushe ƙayau, don in aka mayar da su da danshi sai wutar ta riƙa tari kamar mai ita. Tiyon na shafe shi da ruwan sabulu daga farko har ƙarshe, ban ga inda ya huro kumfa ba, wato ba ya yoyo.

Kai uku lafiya lau, wutarsu shuɗiya. Na gaba ta hannun dama ne ya sha mini rai. Wutarsa ja, gefe guda ma ba ta fita. Ƙananan hujojin duk sun toshe da toka, sai da na zauna da allura ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Talatin da biyu ne, don haushi na ƙirga. Kada ka ce me ya hana ni sa tsinken tsintsiya, karyewa yake yi a ciki ya ƙara wa mutum aiki.

Inna na gaishe ka, tarin da sauƙi. Ni ce dai gwiwa ta fara magana, amma ita ba ta cikin rahoto.

Ka huta lafiya. Yayarka, Lami.

*

Abuja, Alhamis 2 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Lami.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, na ga takardarki, na gode ƙwarai. Allah ya saka da alheri, ya ba gwiwa lafiya. Muslima na gaishe ki.

Abu uku zan faɗa.

Na ɗaya, a fitar da maganin daga wurin gashi. Wata rana wani zai kunna shi bai duba ba.

Na biyu, dabarar jan farce ta yi kyau.

Na uku shi ne ya sa na karanta takardar sau biyu. Kin ce hujojin sun toshe da toka. Yaya, gas ba ya yin toka. Na kira wanda ya sayar mini da murhun na tambaye shi, dariya ya yi. Ranar da na kawo shi, da hannuna na kwashe duwatsun murhun nan uku na kai bayan gida, na raba wa maƙwabta itacen da karan da ke tsakar gida, ban bar ko tsinke ba. To tokar daga ina?

Ba neman laifi nake ba. Amma ke kin zo asibiti bayan an cire mata robar numfashi, ni na gan ta da ita a hanci, tana riƙe da rigata ba ta iya kiran sunana. Ba na so in ƙara ganin haka. Ki duba mini da kyau, ki gaya mini gaskiya.

Wassalam. Ƙanenki, Muhammad Bashir.

*

Gaya, Talata 7 ga Mayu

Ranka ya daɗe, mai binciken toka.

Sallama da gaisuwa, da fatan iyali lafiya. Wallahi da na san haka kake karanta takarda, da na nemi wanda zai riƙa tace mini ita kafin in turo. Mutum ya rubuta maka shafi biyu, ka tsallake gwiwarsa da bayansa ka tsinci kalma ɗaya.

Kwantar da hankalinka, na gano bakin zaren. Ka tuna katangar da ke tsakaninmu da gidan Hanne, wadda damina ta cinye kanta bara? Madafar Hanne a jikinta take. In surukarta ta kwashe toka da safe, a gindin katangar take zubarwa, iska kuwa ba ta san iyakar gida ba. Ita ke ɗebo ta ta shigo da ita ɗakin girkin Inna ta taga. Ka daɗe a inda ake share titi da mota, ka manta yadda ƙauye yake. A Toranke ko tuwo ka buɗe sai ka ci da toka.

Jiya ma na je. Na fitar da maganin na sa a gwangwanin madara na rataye. Na sake wanke hulunan, na sake zama da allura a kan na hannun daman nan, ya sake toshewa kamar ban taɓa shi ba. Allurar ma ta tsire mini yatsa, in ka ga ɗigo a gefen takardar nan ba jan farce ba ne. Na goge jikin da tsumma mai laushi, na ɓoye wa Inna soson ƙarfe a jakata na taho da shi, don na ga tana yi wa ƙofar gilashin wani irin kallo.

Wani ƙarin aikin, tukunyar gas ɗin ta ƙare. Haka na ɗaure ta a bayan babur, ni a tsakiya, ita tana dukan ƙuguna tun daga Toranke har Gaya. Ɗan acaɓan yana ta salati duk ramin da muka faɗa, wai kada ta tashi da mu. Na ce masa wofi ce, ya ce Hajiya wofin ma ba ta da amana. An cika, na ba direban da ke bin hanyar ya sauke mata.

Ranar Litinin ɗin nan da nake rufe rumfa, ka san masu kayan aure ba sa jira. Wata ta zo neman tukwane saiti biyu ba ta same ni ba, ta wuce rumfar gaba. Ba ƙorafi nake ba, labari nake ba ka.

A gaida Muslima, a shafa mini kan yara.

Lami.

*

Abuja, Laraba 8 ga Mayu

Yaya Lami,

Bayan gaisuwa. Sannu da yatsa, sannu da hanya.

Na yi ta tunanin iskar nan ta gidan Hanne. Iska ce mai hankali. Ta tsallake katanga, ta shiga ta taga, ta wuce kai uku ba ta taɓa su ba, ta zaɓi na gaba ta hannun dama, sati biyu a jere. Kuma tagar, in ban manta ba, ta hagu take.

Sannan tukunyar da aka ce za ta yi wa mutum ɗaya wata biyu ta ƙare a sati uku. Ban san me ake yi a gidan nan ba, amma na san ba abin da ake gaya mini ba ne.

Yaya, ni ba mai sayen tukunya ba ne da za ki ce masa lotsawar da ke gindinta ado ce. Uwarmu ce. In kina rufa mata asiri don tausayi, tausayin nan shi zai mayar da ita gadon asibiti.

Na nemi hutu. Zan zo ranar Asabar, 25 ga wata, da mota. Ki fara haɗa mata kayanta a hankali.

Wassalam. Muhammad Bashir.

*

Gaya, Talata 14 ga Mayu

Bashir,

Gaisuwa. Yau ba ni da ƙarfin tsara ta.

Ka kama ni. Maganar iska ni na ƙera ta a kan babur ina dawowa, har na ji daɗin yadda ta zauna. Shekara ashirin ina sayar wa mutane murfin da bai dace da tukunya ba, ban taɓa zaton ƙanen da na goya ne zai dawo mini da kaya ba.

Ga gaskiyar, kuma ba ta da yawa: ban san daga inda tokar take ba. Tun ranar farko na yi zargin wuta take hurawa a ɓoye. Na zaga bayan gida na duba duwatsun nan uku, suna inda ka jefar da su, gizo-gizo har ya yi gida a tsakaninsu. Na shinshina zannuwanta a kan igiya kamar wata karya, ba warin hayaƙi. Na duba gindin tukwanenta, fes. Na leƙa bayan rumbu, na leƙa ɗakin Baba da aka rufe, ko tana da wani ɓoyayyen murhu. Babu. Saman murhun gas ɗin ma kullum a goge nake samunsa. Amma in na ɗaga hular nan, toka.

Za ka ce me ya hana in tambaye ta. In na tambaya zan sani, in na sani dole in rubuta maka. Shi ya sa na riƙe allurata na yi shiru. Ka kuma san tsakanina da ita, ɗan fari ba ya samun doguwar magana. Ko sunana ba ta faɗa, balle ta buɗe mini cikinta.

Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, bari in ƙarasa. Da na karanta cewa za ka zo da mota, kafin baƙin ciki ya iso wani abu ya riga shi, kamar an sauke mini buhu daga ka. Na ce shi ke nan, ba sauran babur, ba sauran allura, Litinin ta dawo tawa. Na ji kunyar kaina, amma na ji shi. Na gaji, Bashir. Shekarata hamsin da ɗaya, ina da nawa gidan da nawa murhun da ba wanda ke wanke mini.

Jiya bayan na gama na gaya mata. Tana zaune tana tsince wake. Na ce, “Inna, Auta zai zo ranar ashirin da biyar ya tafi da ke.” Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Da wane laifin?” Na ce, “Toka aka gani a murhu.” Ta juya waken ta ce, “Tokar ce ta yi ƙafa ta je Abuja, ko kai ta aka yi?” Na ɗauki jakata. Da zan tafi ta ce in biya makarantar Islamiyya in ce wa Malama Halima Sadiya tana nemanta, ta taho da biro.

Ban haɗa kayan ba tukuna. Ban san ta inda ake fara naɗe ɗakin sama da shekara hamsin ba.

Lami.

*

Toranke, Laraba 15 ga Mayu

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Daga Kulu zuwa ga Auta. Malama Halima Sadiya ce ke rubutawa, na ce ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara.

Ina gaishe ka, ina gaida matarka da jikokina. Allah ya yi muku albarka.

An ce ka ce na hura wuta. Ban hura ba. Na rantse a gaban likita, kuma ban kai shekarun nan don in yi kaffara a kan itace ba.

Kai yaro ne lokacin, amma ka sani, gidan nan wuta ba ta mutuwa a cikinsa. Tun ina amarya nake rufe garwashi da toka, da safe in tone. Duk layin nan a wurina ake ɗiban wuta. Hanne ta zo da murfin kwano, Bara'atu ta zo da kasko, a gaisa, a ji wanda ya kwana lafiya da wanda bai kwana ba. Ranar da ciwon nan ya kayar da ni a bakin randa, ka taɓa tambaya wa ya tsince ni? Hanne ce, ta zo ɗiban wuta. Da ba ta zo ba, sai dai yayarka ta tarar da ni ranar da ta ga dama.

Da ka kawo naka murhun ka kwashe duwatsuna, kwana tara ba wadda ta yi mini sallama da safe. Ba don sun ƙi ni ba. Mace da aikin gida a gabanta ba ta shiga gidan mutane da sassafe hannu biyu, sai a ce gulma ta kawo ko roƙo. Da rana sukan leƙo. Amma ni da safe na faɗi, Auta. Kwana taran nan in na idar da sallah sai in zauna ina jin tsintsiyar kowa, ina cewa yau in na faɗi sai yaushe.

A na goma na aika wa Hanne na ce ta zo da gawayinta ɗanye, guda uku. Na ɗora su a murhunka, a kan da ya fi kusa da hannuna, na murɗa. Suka kama. Ta kwashe a murfin kwanonta ta tafi. Washegari ta zo da Bara'atu. Yanzu su biyar ne. Kuma in gaya maka, ta nan naka ya fi nawa. Da, ɗiba suke su wuce. Yanzu sai sun zauna sun jira gawayi ya kama.

Ban faɗa ba don mutumin da ya zo ya haɗa shi ya ce kada a ɗora komai sai tukunya. Ina gogewa in sun tafi. Ban san yana haɗiye tokar yana ajiye wa ta Gaya ba. Ita kuma da ta tambaye ni da na gaya mata, sai ta zaɓi ta shinshina mini zane tana zaton ban gani ba.

In wannan ne hura wuta, to na hura, ka zo ka ɗauke ni, ba zan yi maka gardama a gaban mutane ba. In ba shi ba ne, ka bar ni inda ubanku ya bar ni.

Mahaifiyarka, Kulu.

Ƙarin bayani daga mai rubutu: Alhaji, a gafarce ni, ni ma ina cikin biyar ɗin. Na tura wa Yaya Lami hoton takardar nan kamar yadda Inna ta ce.

*

Gaya, Talata 21 ga Mayu

Ƙanena,

Sallama. Ina fatan ka karanta takardar Inna sau biyu kamar yadda kake yi wa nawa. Ni sau ɗaya ya ishe ni, na nemi wuri na zauna. Ina taƙama ba a yi mini rufa-rufa a ciniki, ashe tsohuwa da gawayi uku ta sayar da ni ta karɓi canji.

Wannan karon tun Lahadi na tafi na kwana, don in ga safiyar da idona. Gari na wayewa sai ga sallama. Hanne ce a gaba, tana jan ƙafa, da murfin kwano.

“Kulu, kin tashi ko a fara haƙa?”

Inna ta ce, “Ki fara da naki, kin girme ni da damina biyu.”

Bara'atu na shigowa ta gan ni ta ce, “A'a, 'yan bincike sun kwana a gari. A shinshina ni ma, Lami, ko ina warin itace.” Ka ga har wannan ya zaga layi.

Suka jera a kan tabarma, kowa da gawayinta, ana ɗorawa bi da bi. Aka yi maganar irin gyaɗa, da ruwan da ya ƙi sauka, da jikar wata da ke haƙori. Ina kallo Bara'atu ta kwance bakin zanenta za ta ɗauko goro, sai ga kwalin ashana ya faɗo. Ta mayar da shi ta ɗaure. Duk cikinsu ba wadda ba ta da ashana a gida, Bashir.

Ba zan ɓoye maka ba, tunda na daina. Gawayin yakan yi ɗan hayaƙi kafin ya kama, kuma a ɗaki ne. Inna ta yi tari sau biyu. Wani ɗan garwashi ya faɗo kusa da tiyo. Ba abin wasa ba ne, kuma ban ce likita zai yi murna ba.

Ga abin da na yi, ba tare da izinin ofis ba. Mun fitar da murhun zuwa rumfar tsakar gida inda iska ke wucewa. Tukunyar gas ɗin na zagaya da ita bayan ginin rumfar, tiyon ya bi ta baya inda garwashi ba zai same shi ba. Gwadabe maƙeri na nan kasuwarmu ya buga mini 'yar raga mai baki da mariƙi, a zuba gawayin a ciki kada ya gangaro. Hanne ce za ta riƙa ɗorawa da saukewa, Inna ta zauna nesa ta inda iska ke fitowa, aikinta murɗawa da ba da umarni, wanda dama shi ta fi iyawa.

Ragar ba ta hana toka zuba. Na gwada. Hujojin nan talatin da biyu za su ci gaba da toshewa, sati ɗaya ma ya yi musu yawa, don in wutar ta yi ja ita ma hayaƙi take yi. Sai an bi su sau biyu. Idon Hanne ba ya ganin ramin allura, na Inna ma haka, Malama kuma tana da ɗalibai. Saboda haka Litinin da Alhamis. Na sayi allura kwali guda. Kada ka yi mini godiya, ban yi da daɗin rai ba, gwiwata ma ba a shawarce ta ba.

Kayan dai ban haɗa ba.

Yayarka, Lami.

*

Abuja, Laraba 22 ga Mayu

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na karanta duka biyun. Ban san Hanne ce ta tsince ta ba. Ban taɓa tambaya ba, wannan laifina ne. Ki roƙa mini gafarar Inna a kan zargin da na yi mata, kafin in zo in roƙa da bakina.

Amma ki duba. Garwashi kusa da gas, tsofaffi biyar, ke kuma a kan babur sau biyu a sati da wannan gwiwar. Har yaushe? Nan mun gyara mata ɗaki a hawa na uku, da fanka da banɗaki a ciki. Ba hayaƙi, ba toka, asibiti na kusa. Gidan da tsaro sosai. Ni da Muslima da yara muna fita shida da rabi, mu kulle ƙofa, ba mai shigowa ya dame ta har mu dawo da yamma.

Ina nan zuwa Asabar in sha Allah. Ban ce na fasa ba, ban ce ban fasa ba. Zan kwana in ga safiyar ni ma.

Ƙanenki, Muhammad Bashir.

*

Gaya, Alhamis 23 ga Mayu

Auta,

Allah ya kawo ka lafiya. Yanzu na dawo daga can, kai huɗun duk shuɗiyar wuta. Inna ta ce ta yafe, ka taho mata da man zafi.

Ɗakin naku ya yi, ba abin da ya rasa. Fanka, banɗaki, ga ƙofa mai kyau da ake kullewa tun shida da rabi. Abu ɗaya ne ban gani a takardar ba, ka taho mini da amsarsa a rubuce tunda ka fi son haka.

A hawa na ukun nan, wa ke zuwa ɗiban wuta?

Lami.